Launin Fata da Karsashin Masu Zaɓe a Zaɓukan Fidda Gwani na Shugaban Ƙasa a Amurka, 1984 zuwa 2024

Tsarin zaɓen da matsayin karsashi a cikinsa

A Amurka jam'iyya ba ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa a zama ɗaya. Jihohi hamsin da wasu yankuna ne ke yin nasu zaɓen bi da bi, tun daga Janairu ko Fabrairu har zuwa Yuni, kowace jiha tana raba daliget ɗinta ga 'yan takara bisa abin da masu zaɓe suka yanke. Yawancin jihohi ƙuri'ar sirri suke yi. Wasu kuwa, musamman kafin 2020, taron gunduma suke kira, inda a jam'iyyar Dimokurat magoya bayan kowane ɗan takara ke tsayawa rukuni guda a gefen ɗaki a ƙirga su, kusan yadda ake yin ƙato bayan ƙato a Nijeriya. Wannan tsari bai tsufa sosai ba. Ya samo asali ne daga rikicin babban taron Dimokurat na 1968 a Shikago, lokacin da manyan jam'iyya suka miƙa wa Hubert Humphrey takara alhali bai shiga zaɓen jiha ko ɗaya ba. Kwamitin McGovern da Fraser ya sake dokokin, kuma tun daga 1972 ikon ya koma hannun talakan jam'iyya.

Sai dai talakan da aka bai wa ikon ba kowa ne ke fitowa ba. Ko a 2008, shekarar da aka fi cika rumfuna, kusan kashi 30 cikin 100 ne kacal na waɗanda suka cancanta suka jefa ƙuri'a a zaɓukan jam'iyyun biyu. Inda mutum bakwai cikin goma ke zama a gida, wanda magoya bayansa suka fi ƙwazon fita shi ne ke da riba. Shi ya sa masana da 'yan jarida suka damu da auna karsashin masu zaɓe. Ma'aunai huɗu aka fi amfani da su: yawan jama'a a wurin gangami, yawan masu ba da ƙaramar gudummawar kuɗi, amsar da mutane ke bayarwa idan aka tambaye su yadda suke ɗokin zaɓen, da adadin waɗanda suka fito ranar zaɓe. Waɗannan ma'aunai ba koyaushe suke nuna abu ɗaya ba, kuma saɓanin da ke tsakaninsu ya fi fitowa fili idan aka raba masu zaɓe bisa launin fata.

Hujjar wannan takarda ita ce launin fatar ɗan takara shi kaɗai bai taɓa isa ya tayar da baƙaƙen fatar Amurka ba. Yana tasiri ne idan ya haɗu da abu biyu: tabbacin cewa ɗan takarar zai iya cin babban zaɓe, da amanar da aka gina ta hanyar coci da shugabannin unguwa.

Yadda aka shigo rumfar

Kafin a yi maganar ɗokin baƙar fata a zaɓen fidda gwani, sai da aka yi gwagwarmayar barinsa ya shiga. A jihohin Kudu, inda a wancan lokaci Dimokurat ce kaɗai jam'iyya mai ƙarfi, wanda ya ci zaɓen fidda gwani ya riga ya ci kujera. Saboda haka aka keɓe zaɓen ga fararen fata zalla, da hujjar cewa jam'iyya ƙungiya ce mai zaman kanta. A 1944 Kotun Ƙoli ta soke wannan al'ada a shari'ar da Lonnie Smith, wani likitan haƙori na birnin Houston, ya shigar, Thurgood Marshall yana lauyansa. Duk da haka harajin zaɓe da jarrabawar karatu da barazanar kisa sun ci gaba da tsare ƙofa. A 1964 Fannie Lou Hamer da abokan gwagwarmayarta daga Misisipi sun je babban taron jam'iyya a Atlantic City suna neman a zaunar da su a madadin tawagar fararen fata, aka yi musu tayin kujeru biyu, suka ƙi. Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 ce ta sauya lissafi. A Misisipi, baƙaƙen fata masu rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba kafin dokar. Zuwa 1967 sun kusa kashi 60.

Wannan tarihi yana da nauyi a kan duk abin da zai biyo baya. Dattijuwar da ta jefa ƙuri'a a Karolina ta Kudu a 2008 ko 2020 tana iya tuna lokacin da iyayenta ba su da wannan dama. Ƙuri'ar da aka samu da jini ba a cika yin caca da ita ba.

Baƙaƙen fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na al'ummar Amurka, amma a zaɓen fidda gwani na Dimokurat suna kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a jihohi irin su Karolina ta Kudu, Jojiya, Alabama da Misisipi su ne rabin masu zaɓe ko fiye. Ga kuma wata dokar jam'iyya da ke ƙara musu nauyi: ana ba mazaɓu daliget gwargwadon yadda suka zaɓi Dimokurat a baya, kuma mazaɓun baƙaƙen fata su ne kan gaba a wannan.

Jesse Jackson: 1984 da 1988

Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko a Majalisar Wakilai, ta nemi takara a 1972, ta samu ƙuri'un daliget kusan 152 a babban taro, amma yawancin manyan 'yan siyasa baƙaƙen fata ba su mara mata baya ba. Takarar Jesse Jackson ce ta fara nuna abin da karsashi zai iya yi. Ya fito ne bayan nasarar Harold Washington a zaɓen magajin garin Shikago a 1983, nasarar da gagarumin aikin rajistar masu zaɓe ya haifar, a lokacin da manufofin Shugaba Ronald Reagan suka fusata unguwannin baƙaƙen fata. Jackson ba shi da kuɗin talla a talabijin. Cocin baƙaƙen fata ne ofishin yaƙin neman zaɓensa: a nan ake tara gudummawa, a nan ake rajista, daga nan motoci ke kwasar mutane zuwa rumfa.

A 1984 ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 3, kimanin kashi 18 cikin 100. Abin lura shi ne yadda shugabanni da mabiya suka rabu. Magajin garin Detroit, Coleman Young, da na Birmingham, Richard Arrington, sun bi Walter Mondale, domin a ganinsu kayar da Reagan ya fi muhimmanci, kuma Jackson ba zai iya ba. Talakawa sun bi Jackson da rinjaye mai yawa, amma wani kaso mai kauri ya saurari shugabannin. A 1988 lamarin ya canza: ya samu ƙuri'a kusan miliyan 7, wato kashi 29, ya lashe Michigan a watan Maris, ya zo na biyu bayan Michael Dukakis, kuma fiye da tara cikin goma na baƙaƙen fata suka zaɓe shi.

Alƙaluman babban zaɓe sun nuna iyakar wannan ɗoki. Bisa ƙididdigar Hukumar Ƙidaya ta Amurka, fitowar baƙaƙen fata ta tashi daga kimanin kashi 50 a 1980 zuwa kusan 56 a 1984, sannan ta sauka zuwa wajen 52 a 1988, shekarar da Jackson ya fi ƙarfi. Dukakis ya ɗauki Lloyd Bentsen mataimaki, kuma daga bakin 'yan jarida Jackson ya ji labari. Masaniyar siyasa Katherine Tate ta bi diddigin waɗannan shekaru, ta nuna cewa ɗokin da ɗan takara ya tayar ba ya komawa kai tsaye ga wanda jam'iyya ta tsayar idan magoya baya suka ji an raina su.

Gadon da Jackson ya bari a dokoki ya fi na ƙuri'u daɗewa. Ya koka cewa kason daliget ɗinsa a 1984 bai kai kason ƙuri'unsa ba, ya matsa lamba, aka rage sharaɗin samun daliget daga kashi 20 zuwa 15, daga baya kuma aka wajabta rabon daliget daidai da ƙuri'a a dukan jihohi. Da wannan doka Barack Obama ya amfana shekara ashirin bayan haka.

2008: abin da Iowa ta sauya

Zaɓen 2008 shi ne misalin da aka fi kawowa don nuna cewa jini ke ja, kuma shi ne ya fi rushe wannan fahimta idan aka bi shi wata bayan wata. A watan Oktoba na 2007, ƙuri'ar jin ra'ayi ta CNN ta nuna Hillary Clinton tana gaban Obama a tsakanin baƙaƙen fata 'yan Dimokurat da kashi 57 a kan 33. Dalilan suna da yawa. Bill Clinton yana da farin jini a cikinsu tun zamanin mulkinsa. Manyan 'yan gwagwarmaya irin su John Lewis da Andrew Young suna tare da matarsa. Obama kuwa baƙo ne ga mutanen Kudu: mahaifinsa ɗan Kenya, mahaifiyarsa farar fata daga Kansas, ya tashi a Hawaii da Indunusiya, bai fito daga zuriyar bayi ba, har wasu marubuta suna tambayar ko ya san zafin da suka sani. A 2000 ma Bobby Rush, tsohon ɗan ƙungiyar Black Panther, ya kayar da shi da ninki biyu a zaɓen fidda gwani na wata mazaɓar baƙaƙen fata a Shikago.

Akwai dalilai biyu da suka fi waɗannan zurfi. Na farko, mutane da yawa ba su yarda fararen fata za su zaɓi baƙar fata ba, don haka ba shi ƙuri'a asara ce. Na biyu tsoro ne. Waɗanda suka ga kisan Medgar Evers da Malcolm X da Martin Luther King suna gudun kada a kashe shi, kuma wasu mata a Karolina ta Kudu sun faɗa wa 'yan jarida cewa ƙin zaɓensa hanya ce ta kare ransa. Tsoron ba na banza ba ne: tun watan Mayu na 2007 aka haɗa shi da jami'an tsaron shugaban ƙasa, da wuri fiye da yadda aka saba. Michelle Obama ta je Orangeburg a watan Nuwamba ta yi jawabi a kan wannan fargaba kai tsaye. Ma'aikatansa sun shafe watanni suna zaga shagunan aski da na gyaran gashin mata, wuraren da ake tattauna siyasar unguwa, kuma a Disamba Oprah Winfrey ta tara masa mutum kusan 30,000 a filin wasa na birnin Columbia.

Ranar 3 ga Janairu 2008 Obama ya ci Iowa, jihar da fiye da kashi 90 na mutanenta fararen fata ne, da kusan kashi 38, John Edwards na biye, Clinton ta uku. Mutum kusan 239,000 ne suka halarci tarukan gunduma, ninki biyu na 2004. Cikin mako biyu wata ƙuri'ar CNN ta nuna alƙaluman sun juye: Obama 59, Clinton 31. Launin fatarsa bai canza ba tsakanin Oktoba da Janairu, manufofinsa ma haka. Abin da ya canza shi ne fararen fatar Iowa sun ba da shaidar cewa zai iya ci.

Wasu kalamai daga ɓangaren Clinton sun ƙara wa wutar mai. Hillary ta yi maganar da aka fahimta a matsayin fifita rawar Shugaba Lyndon Johnson a kan ta King wajen samar da dokar 'yancin ɗan ƙasa. Bill Clinton kuma, ranar zaɓen Karolina ta Kudu, ya tunatar da 'yan jarida cewa Jackson ma ya ci jihar a 1984 da 1988, abin da mutane da yawa suka ɗauka yunƙuri ne na mayar da Obama ɗan takarar ƙabila. Ranar 26 ga Janairu Obama ya samu kashi 55, Clinton 27, Edwards 18. Mutum fiye da 530,000 suka fito, alhali a 2004 ba su kai 300,000 ba. Tambayoyin bakin rumfa sun nuna baƙaƙen fata su ne kashi 55 na masu zaɓe, kuma kashi 78 nasu Obama suka zaɓa, yayin da ya samu kimanin ɗaya cikin huɗu na fararen fata. Bayan mazaɓarsa ta Atlanta ta bi Obama da gagarumin rinjaye, John Lewis ya sauya sheƙa a ƙarshen Fabrairu. A wannan karon mabiya ne suka ja shugabanni.

Kwatanta wannan da 2004 yana da amfani. Al Sharpton, baƙar fata kuma sananne, ya zo na uku a Karolina ta Kudu da kimanin kashi 10, yawancin baƙaƙen fata suka rabu tsakanin Edwards da John Kerry. Ba wanda ya zaci Sharpton zai zama shugaban ƙasa, saboda haka kamannin fata bai saya masa komai ba.

Masanin siyasa Michael Dawson, a littafinsa Behind the Mule na 1994, ya bayyana tushen wannan haɗin kai. Saboda tarihin da aka riƙa yi wa mutum hukunci bisa launinsa ba tare da duba arzikinsa ko iliminsa ba, baƙar fatar Amurka yakan auna maslaharsa da maslahar jama'arsa, yana ganin makomarsu ɗaya ce. Wannan ra'ayi yana bayyana abin da ya sa likita da direban bas ke zaɓen mutum ɗaya. Amma bai ce dole mutumin ya zama baƙar fata ba. Wanda ya auna maslahar jama'arsa zai iya yanke cewa farar fatar da zai ci zaɓe ya fi amfani a kan ɗan'uwan da zai faɗi.

Ɗaya ɓangaren: fararen fata da 'yan asalin Latin Amurka

Kuskure ne a yi maganar launin fata kamar baƙaƙe ne kaɗai ke da shi. Taswirar 2008 ta nuna wani abin mamaki. Obama ya yi fice a jihohin Kudu masu yawan baƙaƙen fata, ya kuma yi fice a jihohin da kusan babu su, irin su Idaho, Kansas, Minnesota, Utah da Vermont. Inda ya sha wuya shi ne jihohin da ke tsakanin waɗannan rukuni biyu, irin su Ohio da Pennsylvania, da yankin tsaunukan Appalachia. A West Virginia Clinton ta samu kashi 67, shi 26. Kimanin biyu cikin goma na fararen fatar da aka tambaya a bakin rumfa sun amsa cewa launin fata ya shiga lissafinsu, kuma mafi yawansu ita suka zaɓa. Wannan ya zo ne bayan rikicin hudubobin limamin cocinsa, Jeremiah Wright, wanda ya tilasta masa yin jawabi kan launin fata a Filadelfiya ranar 18 ga Maris. 'Yan asalin Latin Amurka kuwa sun bi Clinton da kusan biyu bisa ɗaya a Kalifoniya da Teksas, abin da ke nuna cewa tara dukan tsiraru a buhu ɗaya ba ya taimakon nazari.

Ɗokin fararen fata matasa da masu ilimin jami'a ya yi wa Obama aikin da ba a cika yabawa ba. Taron gunduma yana cin sa'o'i, don haka masu zafin so ne kaɗai ke zuwa. A Idaho ya samu daliget 15, Clinton 3, ribar 12. A New Jersey, jiha mai ninkin mutanen Idaho sau da yawa, Clinton ta ci amma ribarta 11 ce. Da irin wannan lissafi ya tara ratar da ba ta iya cikewa ba har zuwa 3 ga Yuni, duk da kowannensu ya samu ƙuri'a kusan miliyan 18.

Binciken masana ya tabbatar da cewa ɗokin yana da fuska biyu. Ebonya Washington, a nazarinta na 2006 kan zaɓukan majalisa da na gwamnoni, ta gano cewa idan Dimokurat ta tsayar da baƙar fata, fitowar baƙaƙe da ta farare duka tana ƙaruwa da maki biyu zuwa uku, kuma wani ɓangare na fararen suna fitowa ne don su kayar da shi. Bernard Fraga kuma ya nuna cewa yawan wata al'umma a mazaɓa ya fi launin ɗan takara tasiri wajen fito da ita: mutane sun fi fita inda suka san ƙuri'arsu ce ke yanke hukunci.

A jam'iyyar Rifablikan, inda fiye da kashi 90 na masu zaɓen fidda gwani a yawancin jihohi fararen fata ne, Herman Cain a 2011 da Ben Carson a 2015 sun taɓa hawa kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayi, da goyon bayan fararen fata masu ra'ayin riƙau, amma babu wanda ya ci jiha ko ɗaya. Donald Trump ne ya tayar da karsashin da ya kafa tarihi a jam'iyyar a 2016, ya samu ƙuri'a kusan miliyan 14. Ya buɗe takararsa a Yuni 2015 da zargin baƙin haure daga Meziko da miyagun laifuka, a Disamba ya yi kiran a hana Musulmi shiga ƙasar. Nazarin John Sides da Michael Tesler da Lynn Vavreck ya nuna cewa ra'ayin mutum kan baƙi da Musulmi da baƙaƙen fata ya fi halin aljihunsa nuna ko zai bi Trump a wannan zaɓen.

2016 da 2020: taron gangami da layin rumfa

Takarar Bernie Sanders ta fito da saɓanin ma'aunai ƙarara. A watan Agusta 2015 ya tara mutum kusan 28,000 a Portland, miliyoyin ƙananan gudummawa suka riƙa shigo masa ta intanet, ya kuma ci New Hampshire da kashi 60. Duk wanda ya auna da ido zai ce karsashi yana wurinsa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ranar 27 ga Fabrairu 2016 Clinton ta ci Karolina ta Kudu da kusan kashi 74, ta samu kashi 86 na ƙuri'un baƙaƙen fata, wato fiye da kason Obama a 2008. Ta maimaita haka a faɗin Kudu, kuma ratar daliget da ta samu a can ce ta raba gardama.

Gangami yana jawo wanda ke da lokaci da abin hawa da sha'awar hayaniya, yawanci ɗalibi ko matashi. Ginshiƙin Dimokurat a Kudu kuwa mace ce baƙar fata mai shekara hamsin ko sittin, mai zuwa coci, wadda ba ta zuwa filin wasa amma ba ta fashin zaɓe. Kyamara ba ta ganinta, don haka rahotanni suke raina ta.

Duk da haka bai kamata a rufe ido kan wata alama ba. Waɗanda suka fito a Karolina ta Kudu a 2016 kimanin 370,000 ne, ƙasa da na 2008 da kusan kashi ɗaya cikin uku. Clinton ta samu amincewa mai faɗi, amma ba ta samu ɗoki mai zurfi ba, kuma baƙaƙen fata 'yan ƙasa da shekara 30 sun rabu kusan biyu tsakaninta da Sanders, wasu suna riƙe da haushin dokar manyan laifuka ta 1994 da mijinta ya sa wa hannu. A babban zaɓe fitowar baƙaƙen fata ta sauka zuwa ƙasa da kashi 60, daga kusan 66 a 2012, shekarar da a karon farko suka zarce fararen fata. Wannan ne zaɓen shugaban ƙasa na farko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 da ya raunana Dokar 'Yancin Zaɓe, don haka ba za a ɗora dukan raguwar a kan sanyin gwiwa ba. Amma kason da ɗan takara ya ci da adadin da suka fito abubuwa ne daban, kuma jam'iyyar ta kalli na farko ta manta da na biyu.

A 2020 an samu baƙaƙen fata masu ƙarfi a fage. Kamala Harris ta janye a Disamba 2019, Cory Booker a Janairu 2020, dukansu kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, kuma Joe Biden ne ya fi su goyon baya a ƙuri'un jin ra'ayin baƙaƙen fata. Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, na biyu mai nisa a Nevada. Tarukansa ba sa cika, asusunsa ya kusa ƙarewa. Ranar 26 ga Fabrairu James Clyburn, ɗan majalisa mafi tasiri a Karolina ta Kudu, wanda liyafarsa ta soyayyen kifi ta zama zangon dole ga masu neman takara, ya fito ya goyi bayansa. Kwana uku bayan haka Biden ya samu kashi 48, Sanders 20, kuma kimanin shida cikin goma na baƙaƙen fata suka zaɓe shi. Kusan rabin masu zaɓe sun ce maganar Clyburn ta yi tasiri a kansu. Mutum kusan 540,000 suka fito. Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka mara masa baya, ya ci jihohi 10 cikin 14 da suka yi zaɓe rana ɗaya, ranar da ake kira Babbar Talata.

Lissafin da ya kai su ga Obama a 2008 shi ne ya kai su ga Biden a 2020. A karon farko Iowa ta nuna baƙar fata zai iya ci. A karo na biyu, bayan nasarar Trump, da yawa sun yanke cewa dattijo farar fata da suka sani, wanda ya yi wa Obama mataimaki shekara takwas ba tare da ya ci amanarsa ba, shi ne fararen fata za su iya karɓa. Ismail White da Chryl Laird sun ƙara wani bayani a 2020: haɗin kan yana ɗorewa ne saboda ana tattauna zaɓe a coci da shagon aski da cikin dangi, inda mutum ke jin nauyin idon 'yan'uwansa. Wannan ne ya sa kalmar mutum irin Clyburn take tafiya da sauri fiye da tallan talabijin.

Akwai farashin da ake biya. Paul Frymer ya yi bayani tun 1999 cewa al'ummar da jam'iyya ɗaya ta tabbatar ba ta da wurin zuwa, ana iya yin sakaci da buƙatunta. Zaɓen fidda gwani ne kaɗai lokacin da ake zawarcin ƙuri'ar baƙar fata da gaske, domin a nan ne take da zaɓi. Daga 1992 zuwa 2020 babu wanda ya samu takarar Dimokurat ba tare da ya fi kowa ƙuri'un baƙaƙen fata ba, kuma alkawarin da Biden ya yi a muhawarar Charleston, na naɗa baƙar mace a Kotun Ƙoli, ya cika shi a 2022 da Ketanji Brown Jackson.

Sauya jadawali

Shekaru da dama ana sukar fara zaɓe da Iowa da New Hampshire, jihohi biyu da ba su yi kama da jam'iyyar ba. A kan shawarar Biden, kwamitin Dimokurat na ƙasa ya amince a Fabrairu 2023 cewa Karolina ta Kudu ce za ta fara. Gyaran ya dace, domin jihohin farko ne ke tantance wanda za a ɗauka da muhimmanci, kuma ba adalci ba ne a bar wannan aiki ga fararen fata kaɗai. Amma gwajin farko ya nuna cewa matsayi a jadawali ba ya haifar da karsashi idan babu takara ta gaske. Ranar 3 ga Fabrairu 2024 Biden ya samu kashi 96, mutum kimanin 131,000 kacal suka fito, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 2020. A watan Yuli ya janye, daliget suka tsayar da Kamala Harris a Agusta, ta zama baƙar mace ta farko da babbar jam'iyya ta bai wa takarar shugaban ƙasa, ba tare da ta tsaya zaɓen fidda gwani a jiha ko ɗaya ba.